Yadda Za Ka Kare Tsohuwar Kwamfutar Tebur Daga Zafin Bazarar Garwa

Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu zafin rana a Garwa, a arewacin Kamaru, yakan haura digiri 40, haka ma Marwa da Kusseri da Njamena. Su kuwa tsofaffin kwamfutocin tebur da suka cika shagunan buga takardu da makarantu da ofisoshinmu, yawancinsu 'yan gwanjo ne daga Turai da Amurka, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq. Idan ka duba littafin da kamfani ya haɗo su da shi, za ka ga an ƙera su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Ke nan a bazara, a ƙarƙashin rufin kwano, na'urar tana aiki ne a inda ba a yi ta dominsa ba. Sai a haɗa mata da ƙurar hunturu da ta shaƙa wata uku babu wanda ya kula.

Yana ba ni takaici in ga mutum ya haƙura da kwamfutarsa, ya ce ta tsufa, alhali abin da take bukata bai wuce buroshi da iska da ɗan man firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ba. Mai shago da ke ci da iyalinsa da wannan na'ura, ko ɗalibin Jami'ar Marwa da rubutun kammala karatunsa ke cikinta, bai kamata ya rasa ta a kan abin da za a gama kafin azahar ba. Ga yadda ake yi, kuma ka bi shi a jere, domin mutane da yawa sukan fara da mataki mai wuya su bar mai sauƙi.

Da farko ka tabbatar zafin ne

Alamun ba su ɓuya. Da safe tana aiki lafiya, rana na ɗagawa ta fara nauyi. Fanka na ihu ba ta sassautawa. Ana cikin aiki ta mutu ba sallama, in ka kunna nan take ta sake mutuwa, amma in ka bar ta ta huta rabin awa sai ta tashi. Wasu Dell da HP ma sukan rubuta gargaɗi a kan fanka ko zafi da zarar an kunna su, mutane su danna F1 su wuce ba su karanta ba. Ka daina wucewa.

Kada ka tsaya a kan taɓa akwati da hannu, ka auna. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta: HWMonitor ko Core Temp don zafin firosesa, CrystalDiskInfo don zafin hadis (hard disk), wato ma'ajiyar da takardunka ke ciki. Ka kunna kwamfuta, ka bar ta minti goma ba aiki, ka rubuta lambar. Sannan ka buɗe abin da ka saba aiki da shi, ka kunna bidiyo, bayan minti goma sha biyar ka sake rubutawa. A ɗaki mai zafi, firosesa da ke zaune tsakanin digiri 45 da 55 ba aiki, ba abin tashin hankali ba ne. In ana aiki, ka so ta tsaya ƙasa da 75. Da ta kama 85 tana hawa, akwai matsala. Yawancin firosesan Intel in sun doshi 100 sukan rage gudu da kansu don kada su ƙone, wannan shi ne nauyin da kake ji da rana, in abin ya ƙi kuma su kashe na'urar. Shi hadis ya fi rauni: masu ƙera shi sukan sa iyakarsa a digiri 55 zuwa 60, ni kuwa ba na son in ga ya wuce 50, domin in firosesa ta lalace kasuwa za ka je, in hadis ya mutu takardun mutane ne suka tafi.

Ka ajiye waɗannan lambobi a takarda, da su za ka san ko gyaranka ya yi amfani. Kuma kafin ka kwance ko kusa ɗaya, ka kwashe muhimman takardu zuwa filashi.

Inda ka ajiye ta

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take ja ta busa wa ƙarfe, saboda haka cikin kwamfuta ba zai taɓa fin ɗakin sanyi ba. Duk digirin da ka rage a ɗaki, ka rage shi a cikin na'urar.

Ka ɗaga akwatin daga ƙasa. A ƙasa ƙura ta fi yawa, duk wanda ya shigo shago da takalmi ko aka yi shara, hancin kwamfutar ne ke shaƙa. Ka ɗora ta a kan tebur ko benci. Ka fito da ita daga cikin ɗan akwatin katakon nan da kafintoci ke yi wa teburin kwamfuta, mai rufaffen baya, domin iskar da ta fitar da zafi ita take sake shaƙa. Iska tana shiga ne ta gaba ta fita ta baya, don haka ka bar aƙalla taki ɗaya tsakanin bayanta da bango, gabanta kuma kada a tare shi da rim ɗin takarda. Ka guji bangon yamma, wanda rana ke duka daga azahar zuwa magariba, da bakin taga. Injin fotokofi da firinta mai leza zafi suke fitarwa sosai, kada iskarsu ta riƙa bugun gaban kwamfutar. In har yanzu kana amfani da tsohon allo mai ƙeya, shi kaɗai ya isa ya ɗumama ɗan ƙaramin shago, ka nemi shafaffe ko na hannu ne.

Idan shagon kwano ne tsirara ba silin, ko zana ko tabarmar kaba aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa za ka ji bambanci a jikinka, ita ma za ta ji. Masu na'urar sanyaya ɗaki ta ruwa, wadda ake yawan gani a Njamena, su bar ta ta sanyaya ɗakin, kada su saita bakinta kai tsaye a kan kwamfuta, saboda laima.

Sai maganar ƙyalle. Rufe kwamfuta da zane don ƙura abu ne mai kyau, amma sai an kashe ta. Ina yawan ganin an kunna ta da lulluɓinta, an ɗan ɗage gaba kawai don a danna maɓalli.

Fitar da ƙura

Nan ne rabin aikin yake. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Fabrairu, hunturu na ja da baya, bazara ba ta kankama ba. Sai a maimaita kafin damina ta sauka sosai, domin guguwar da ke gaban ruwan farko tana cusa ƙasa ko'ina, kuma ƙura in ta sha laima sai ta daskare ta manne, buroshi ma ya sha wuya. Wanda shagonsa ke bakin titin da ba kwalta, ya riƙa leƙawa kowane wata biyu. Mutanen Ngaundere suna da sauƙin zafi saboda tudu, amma jar ƙasarsu ba ta raga wa fanka.

Ka tanadi sukudireba mai kan giciye, sabon buroshin fenti ƙarami mai laushi, tsohon buroshin haƙori busasshe, da abin hura iska. Ƙaramar buluwa ta lantarki ta fi, in babu, famfon keke ko na ƙwallo yana yi, sai dai haƙuri. Kada ka kai ta wurin masu faci su busa mata iskar taya: tankinsu yakan tara ruwa da mai, kuma ƙarfin iskar yana iya karya fiffiken fanka. Kada ka hura da baki, yawu ne zai bi. Tsumma mai ruwa kuwa a jikin akwatin daga waje kawai.

Ka kashe kwamfuta, ka zare wayar wuta daga bayanta gaba ɗaya, sannan ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe daƙiƙa goma don sauran wutar da ke ciki ta fita. Ka fitar da ita waje, a inuwa. Ka buɗe murfin gefe: wasu kusoshi biyu ne a baya, yawancin Dell da HP kuwa ɗan maƙulli ne ake ja. Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki hoton cikin da wayarka, zai yi maka rana wajen mayar da wayoyi.

A busasshen yanayi irin namu jikin mutum yakan tara wuta, irin tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota da hunturu. Wannan ɗan tartsatsi ya isa ya kashe RAM (siraran katunan da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a cikinsu) ko babban allo (faifan da sauran sassan ke haɗe a kansa). Ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin da tafin hannu kafin ka kai hannu ciki, kuma kada ka yi aikin a kan darduma ko kana sanye da rigar leda.

Yanzu ka dubi inda firosesa take: fanka ce a kan wani ƙarfe mai haƙora da yawa. Tsakanin fankar da haƙoran nan ƙura ke taruwa ta dunƙule kamar bargo, har ka iya ɓare ta da yatsa. Daga sama ba a ganinta, shi ya sa mutum zai ce ai na share, alhali bai taɓa wurin ba. In fankar tana cirewa daban, ka cire ta. A Dell da yawa akwai murfin roba da ke jan iska daga fankar gaba zuwa ƙarfen, ka ɗaga shi ka duba ƙarƙashi. Ka sassauta ƙurar da buroshi, sannan ka hura daga ciki zuwa waje har ka ga haske ta tsakanin haƙoran.

Duk lokacin da za ka hura wa fanka iska, ka riƙe fiffikenta da yatsa ko tsinke. In ka bar iska ta juya ta fiye da ƙima, tana lalata gindin da take juyawa a kai. Ka goge fiffike ɗaya bayan ɗaya da buroshin haƙori.

Daga nan ka bi ragar gaba, ka cire fuskar roba in tana cirewa, domin a bayanta ƙura ke toshe ƙofar iska. Ka bi ragar baya, da saman RAM, da katin hoto in akwai, da kewayen hadis. Akwatin wuta, wanda wayar lantarki ke shiga cikinsa, ka hura shi ta ragarsa kawai, ka sa tsinke ka tare fankarsa. Kada ka buɗe shi. Akwai manyan kafasitoci a ciki da ke riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya. In ka ga alamar tsaka ko kyankyaso ya mutu a ciki, ko zanzaro ya yi gini, ka kai wa mai gyara.

Kafin ka rufe, ka tattara wayoyin da ke reto ka ɗaure su gefe, musamman masu faɗin nan na tsofaffin na'urori, don kada su tare hanyar iska ko su shiga fanka.

Fankoki

Ka mayar da wuta, murfi a buɗe, ka kunna ka zuba ido ba tare da ka sa hannu ba. Kowace fanka ta tashi nan take. Wadda sai an tura ta, ko take gurnani, ko take rawa, ta kusa tsayawa. Ka sa tafin hannu a bayan akwatin wuta, in ba ka ji iska ba ka kashe na'urar, domin wannan fankar in ta tsaya ba ta yin gargaɗi, sai dai ka ji ƙauri.

Fanka mai gurnani takan ɗan ƙara kwana da mai. Ka ɓare takardar da ke manne a bayanta, ka ɗaga ɗan murfin roba in akwai, ka ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, ka juya ta da yatsa, ka mayar da takardar. Ban da man gyaɗa ko man auduga na girki, suna yin danƙo su kama ƙura. Wannan dai jinkiri ne kawai, ka fara neman wata. Girmansu yawanci milimita 80 ne ko 92 ko 120, masu bolt 12. Ka tafi kasuwa da tsohuwar a hannu, domin wasu Dell bakin wayarsu daban ne da na sauran. A gefen fanka akwai 'yar kibiya da ke nuna inda iska ke bi: ta gaba ta ja ciki, ta baya ta fitar. Na sha ganin an ɗaura ta baya a juye, fankoki biyu suna tura iska ciki, zafin ya rasa mafita. In akwai gurbin fanka a baya da ba a sa komai ba, ƙara ɗaya a wurin yana da arha kuma yana aiki.

Mutane kan tambaya ko su bar murfin gefe a buɗe. A ranar da zafi ya kai maƙura kuma ga aikin gaggawa, ka buɗe ka saita fankar tebur tana busa ciki, zai taimaka. Amma kada ya zama ɗabi'a. An tsara akwatin ne iska ta bi ta kan hadis da RAM kafin ta fita, in an buɗe sai ta watse, ga ƙura, ga tsaka, ga hannun yara. Wasu kuma sukan manna yankin gidan sauro a ragar gaba don tace ƙura. Dabara ce mai kyau in za ka riƙa kakkaɓe shi kowane mako, in ba haka ba shi da kansa zai zama toshiya.

Sauya man firosesa

Ka sake aunawa. In lambobin sun sauka, kana iya tsayawa nan. In har firosesa na haura 80 bayan duk wannan, to man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyayawa ya bushe. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarafan biyu don zafi ya ratsa. Na'urar zamanin Pentium 4, ko Core 2 Duo da ta fito a 2006, mai yiwuwa man da aka sa mata a kamfani ne har yau a kanta. Ana samun sabo a ɗan sirinji a shagunan kayan kwamfuta da wajen masu gyaran waya. Kada wani ya ruɗe ka da man goge baki ko girisin mota.

Ka bar kwamfutar ta yi aiki minti goma don tsohon man ya yi laushi, sannan ka kashe, ka zare wuta, ka cire wayar fankar daga babban allo. In kusoshi huɗu ne, ka sassauta su kaɗan-kaɗan a giciye, kada ka kwance ɗaya gaba ɗaya ka bar sauran. In irin ƙafafun robar Intel ne, ka juya kowace zuwa inda kibiyarta ta nuna, ka ja sama. Sai ka ɗan murɗa ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga. Wannan ya fi muhimmanci a tsofaffin firosesan kamfanin AMD, inda busasshen mai ke iya fizgo firosesa daga gurbinta ya lanƙwasa ƙafafunta. Ita firosesar ka bar ta a inda take, babu dalilin cire ta.

Ka goge tsohon man daga fuskokin biyu da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ka ɗan jiƙa shi da sifirit mai digiri 90 na kantin magani. Kada ka kankare da wuƙa ko reza. Ka bari ya bushe. Ka ɗiga sabon mai a tsakiyar firosesa, gwargwadon ƙwayar dawa babba, bai kai ƙwayar wake ba. Yawansa ba ya ƙara sanyi. Ka sauke ƙarfen a miƙe sau ɗaya, nauyinsa zai baje man. Ka ɗaure kusoshi a giciye. Masu ƙafafun roba, ka fara mayar da su yadda suke, saɓanin kibiya, sannan ka danna biyu masu kallon juna har su yi ƙara, sai sauran biyun. Ka girgiza ƙarfen a hankali: in yana motsi, wata ƙafa ba ta shiga ba, kuma hakan ya fi tsohon man illa. Kada ka manta da mayar da wayar fanka a gurbinta, inda aka rubuta CPU FAN.

Rage mata kaya

Firosesa tana zafi ne gwargwadon aikin da aka ɗora mata. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka ga abin da ke cinta. In ba ka buɗe komai ba amma tana kusa da 100 bisa 100, akwai abin da ke gudu a ɓoye, sau da yawa ƙwayar cuta ce da ta shigo ta filashin kwastoma. Ka wanke ta, ka kashe manhajojin da ke tashi da kansu, kuma kada ka haɗa maganin ƙwayar cuta biyu a na'ura ɗaya. A saitin wuta na Windows akwai inda ake rage iyakar ƙarfin firosesa. Ka mayar da shi 80 bisa 100 a bazara, mai buga takarda ba zai ji bambanci ba. In da hali ka sauya hadis da sabuwar irin ma'ajiyar nan da ake kira SSD: ba ya juyawa, zafinsa kaɗan ne, kuma tsohuwar na'ura takan farfaɗo da shi.

Lokacin aiki ma abin dubawa ne. Manyan ayyuka, irin su haɗa bidiyon biki ko sa sabon Windows, a yi su da sassafe ko bayan isha'i. Tsakanin azahar da la'asar, in babu kwastoma, a kashe ta.

Wuta

Babban kaso na lantarkin arewacin Kamaru daga madatsar Lagdo yake zuwa, a kan kogin Binuwai, kuma ruwa yakan ja baya ne daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Saboda haka watannin da kwamfuta ke fama da zafi su ne na ɗauke wuta da raunin wuta da komawa kan janareta. Wuta mai rauni tana wahalar da akwatin wuta, ta ƙara masa zafi. Ka sa sitabilaiza, in da hali UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, kuma in wuta ta dawo ka dakata minti kaɗan kafin ka kunna. In ka sayo na'ura 'yar Amurka, ka duba bayanta kafin ka jona: wasu suna da ɗan jan maɓalli mai 115 da 230. Wutarmu 220 ce, dole ya kasance a kan 230, in ba haka ba take za ta ƙone.

In ka yi duk wannan tana ci gaba da mutuwa, ka haska babban allo da tocila ka dubi kafasitoci, ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye kusa da firosesa. Kansu ya kamata ya zama a shafe. In ka ga wanda ya kumbura ko ya tsiyayar da wani abu mai launin tsatsa, shi ne ciwon, kuma ya yi yawa a na'urorin da aka ƙera daga farkon shekarun 2000 zuwa wajen 2007. Mai gyaran rediyo ko talabijin da ya iya dalma zai iya sauya su. Ka ce masa ya sa masu lamba daidai da na asali, waɗanda aka rubuta 105 a jikinsu, domin sun fi masu 85 jure zafi. In sun kumbura da yawa, ka kwatanta kuɗin gyaran da na wani allon na hannu kafin ka biya, kuma ka cire hadis ɗinka ka riƙe a gida kafin ka bar na'urar a shagon kowa.